Zubin Rezin da Kayan Tsohuwar Fijo 504 a Kaduna

Injin tsohuwar Fijo 504 ba ya ɗaga wa bakanike hankali. Har gobe a Kaduna akwai dattawan makanikai da in kafireto ya toshe ko lagireto ya fara yoyo, za su kwance su mayar suna hira. Abin da ke gagarar mai motar shi ne ƙananan kayan roba: gilashin danja da ya tsage, murfin sigina da rana ta cinye, kan giya, hannun ɗaga gilashi, tambarin zakin da ke gaba. Mutum sai ya wuni yana zaga shagunan kayan gyara na Ori-Apata, wannan ya tura shi wurin wancan, daga ƙarshe a ce ya bar lambar waya, in ɗan kwatano ya shigo za a neme shi.

Alhali kuwa a garin nan aka riƙa haɗa motar. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, a shekarar da ta biyo baya ta ci kambun motar shekara ta Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar haɗa Fijo ta PAN da ke Kakuri, tsallaken kogi, ta fara aiki. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da Fijo motar manyan ma'aikata, direbobin haya kuma suka rungumi wagon ɗinta, suna lodi a tashar Kawo zuwa Zariya da Kano, 'yan kasuwa suka ɗauki a-kori-kurarta. Faransa ta daina ƙera salun ɗin tun 1983, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da 504 har wajen 2006.

To, me ya sa kayan robar suka yi ɓatan dabo? Dalilin yana cikin yadda ake yin su tun farko. A masana'anta, narkakkiyar roba ake ɗurawa da ƙarfin inji cikin mazubin ƙarfe, shi kuwa wannan mazubi yana da tsadar da ba ta biyan kanta sai an fitar da kaya dubbai. Da zarar an daina ƙera mota, masu nema suka ragu zuwa ɗaiɗaiku, babu kamfanin da zai kunna inji saboda mutum ashirin. Ga shi roba ba kamar ƙarfe ba ce da za a kai wa mai walda. Rana tana busar da ita, ta koɗe, ta riƙa ɓarewa a hannu.

Ba Kaduna kaɗai ke fama da wannan ba. A Kyuba, inda takunkumin Amurka ya toshe hanyar kayan gyara tun farkon shekarun 1960, makanikai sun daɗe suna ƙera wa motocin shekarun 1950 abin da suka rasa. A Sochaux ta Faransa, inda Peugeot ya buɗe gidan tarihinsa a 1988, akwai sashen da ke kula da kayan tsoffin motocin kamfanin. A Turai da Amurka kuma, masu sha'awar tsoffin motoci da yawa sun koma yin abin da kansu a garejin gida, da robar silikon da wani ruwa mai kauri da ake kira rezin, wanda ke daskarewa ya zama roba mai tauri in an gauraya shi da mahaɗinsa.

Duk wanda ya san Panteka ba zai ga baƙon abu a nan ba. A wannan kasuwa da ke makwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, masu zubin alminiyum sun daɗe suna aiki da wannan dabara, da yashi. Mai zubi zai ɗauko tukunyar da yake so ya kwafa, ya sa ta cikin akwati mai hawa biyu, ya cika da yashi mai ɗan danshi da yumɓu, ya daddanna har ya kama jiki. Tsakanin hawa biyun yakan barbaɗa busasshen gari don kada su manne. Sai ya raba akwatin a hankali, ya zare tukunyar, ya sake haɗa akwatin, ya bar ƙofar da ruwan ƙarfe zai bi. Can gefe tsoffin fistin da ɓaraguzan inji suna narkewa a kan gawayi, domin alminiyum na narkewa ne a digiri 660. A tsiyaya, a jira, a fasa yashin, ga sabuwar tukunya. Ta wannan hanya ana iya zuba hannun ƙofa ko murfin wani abu na mota. Inda yashi ya gaza shi ne ba ya kama zane mai laushi, ba ya fitar da abu mai haske da fitila za ta ratsa, kuma ƙarfen yakan ɗan tsuke in ya huce, fiye da kashi 1 cikin 100.

Nan ne silikon ya fi. Ruwa ne mai kauri da ke zuwa kashi biyu. In an haɗa, cikin sa'o'i yakan zama roba mai laushi wadda ke kwafe komai, har lambar kamfani da 'yan ƙananan ƙurajen da ke cikin gilashin danja, waɗanda su ke watsa haske. Wannan alherin nasa shi ne kuma sharrinsa, don in asalin yana da tsaga ko ƙarzuwa, duk abin da aka zuba zai fito da su. Shi ya sa rabin aikin yana ƙarewa ne kafin a buɗe gwangwani: a wanke asalin, a liƙe tsagar, a cike gurbin, a bi da sanfefa mai laushi, a goge har ya yi sheƙi.

A ɗauki murfin sigina misali. Za a haɗa ɗan akwati da falle-fallen katako ko roba, a shimfiɗa yumɓun roba irin na wasan yara, a nutsa murfin cikinsa zuwa rabi. A gefe-gefe a danna 'yan ramuka da gindin biro. Su ne haƙoran da za su sa ɓangarorin mazubin biyu su hau juna daidai. Sai a auna silikon a kan sikeli, a juya a hankali, a tsiyaya shi siriri daga sama zuwa kusurwa ɗaya, a bar shi ya malala da kansa ya rufe murfin. Washegari a kifa akwatin, a cire yumɓun, a shafa basilin kaɗan a fuskar silikon ɗin, domin ba abin da yake mannewa da shi kamar ɗan'uwansa. A kafa ɗan bututu inda za a ɗura rezin, da tsinke biyu ko uku a wuraren da suka fi tudu don iska ta sami mafita, sannan a zuba silikon na ɗaya ɓangaren. In ya kama, a raba, a zare asalin, mazubi ya samu. Sai dai a kula: akwai nau'in silikon da ba ya shiri da yumɓu mai farar wuta ko safar hannu ta roba irin ta asibiti, in ya taɓa su sai ya ƙi daskarewa, ya tsaya yana danƙo.

Shi rezin iri uku aka fi amfani da su, kuma biyu daga ciki ba baƙi ba ne a gareji. Filar da fanel bita ke cakuɗawa da mahaɗinta ya shafe lotsewar mota, asalinta rezin ce ta foliyesta. Ita ce mafi araha, kuma da ita da tabarmar zaren gilashi, wato faiba, ake yin manyan abubuwa kamar ragar gaba ko rufin dashbod. Da faiba aka yi jikin Chevrolet Corvette tun 1953, ke nan ba sabuwar dabara ba ce a harkar mota. Gam ɗin nan mai tub biyu da ake saya a shagon kayan gini kuwa ifoksi ne. Irinsa na zubi yana fitowa garau, amma yakan ɗauki yini guda ko fiye kafin ya kama, kuma rana na mai da shi rawaya. Na uku, foliyuretan, shi ya fi dacewa da ƙananan kaya irin su kan giya da maɓallai, yana kamawa cikin mintuna, akwai kuma nau'insa mai haske da ke jure rana, wanda ake rinawa ja ko ruwan lemo don danja da sigina.

Umarnin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne don ɗaki mai sanyin digiri 23 zuwa 25. A Kaduna, cikin Maris da Afrilu, zafin rana kan haura 35, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin lokacin da mai aiki ke da shi kafin ruwan ya fara kauri. Rezin ɗin da aka ce yana ba da minti goma, a rumfar kwano da azahar sai ya kama a kofi ana cikin juyawa. Don haka da sassafe ake zubi. Damina na da tata matsalar: foliyuretan ba ya ga maciji da danshi, in ya haɗu da shi sai ya yi kumfa, kayan su fito da huji-huji, ko da daga jiƙaƙƙen tsinken juyi ne. Hunturu kuma ƙura, wadda ke sauka kan mazubin da aka bari a buɗe ta bayyana cikin gilashin.

Kumfar iska ita ce babbar abokiyar gabar mai zuba abu mai haske. Masu ƙwarewa sukan sa mazubin cikin tukunyar matsin iska, su hura da kwamfireso irin na mai faci har matsin ya kai kamar ninki biyu na tayar ƙaramar mota, su bar shi a haka har rezin ya kama. Dole tukunyar ta zama wadda aka ƙera don ɗaukar matsi, ba haɗin gambiza ba, don in ta fashe tana iya kisa. Mazubin silikon ma ba ya dawwama. Bayan zubi 'yan gomiya yakan fara yagewa, sai an sake wani.

Akwai iyakar da ba a tsallakewa. Birki, sitiyari, ƙafar mota, bututun mai, da duk abin da ke ɗaukar nauyi ko zaune kusa da zafin inji, ba hurumin rezin ba ne. Yawancin rezin na zubi yakan fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 70, dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana kuwa yana iya kaiwa nan, shi ya sa ake duba juriyar zafi kafin a saya. Lafiyar mai aiki ma abin lura ce. Ɗigon mahaɗin foliyesta a ido yana iya makantarwa, tururin foliyuretan yana jawo ciwon asma, ifoksi na sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, ƙurar faiba kuma na shiga huhu. Ragowar rezin da aka bari da yawa a kofi yakan yi zafi har ya yi hayaƙi. Aikin na fili ne mai iska, da tabarau da safar hannu da takunkumi mai tace sinadari, nesa da madafa da yara. Sannan a gaya wa mai saye gaskiya cewa zubi ne. Wanda ya liƙa tambarin kamfani ya sayar da sunan na asali, jabu ya sayar.

Kayan koyon sana'ar suna kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta shiga haɗin gwiwa da masu sana'ar Panteka don horarwa da ba da takardar shaidar ƙwarewa, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa kuma a Kaduna hedikwatarta take. Matashin da ya iya zubin yashi ya riga ya san inda ake raba mazubi da inda iska ke maƙalewa. Abin da ya rage masa shi ne sikeli da tsafta da sanin sinadari. Kasuwar ma ba ta tsaya kan Fijo ba, don tsoffin Marsandi da Beetle da Vespa duk ciwonsu ɗaya.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne lafiyayyen asalin da za a kwafa. Kullum ana yanka tsoffin motoci a wuraren 'yan gwangwan, ƙarfe ya hau sikeli, alminiyum ya tafi wurin masu tukwane, kayan roba kuwa, da yake ba su da nauyin da zai kawo kuɗi, a watsar ko a ƙone. Danjar salun daban take da ta wagon, ta a-kori-kura daban, ta dama ba ta shiga gurbin ta hagu. Mai son shiga wannan sana'a, tun kafin ya kashe kuɗinsa a silikon, zai fara ne da ƙulla ciniki da masu yankan motoci, su riƙa kwance masa waɗannan kaya da sukudireba maimakon guduma, ya jera su a kwali, kowanne da sunan motar da ya fito daga jikinta.