Rabon Ƙwaƙwalwa a Na'urar Sa Ido kan Hanyar Sadarwar Kwamfuta

Gabatarwa

Ƙofar Kware, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, ita ce mafitar matafiya masu nufin arewa, wato Kware da Illela. A da, mai tsaron ƙofa yana ganin duk abin da ya shiga ko ya fita. Irin wannan aiki ne na'urar sa ido take yi a mashigar hanyar sadarwar ma'aikata: tana kwafar kowane ƙunshin bayanai da ya gifta, domin a gano kutse ko musabbabin cunkoso. Wannan maƙala ta duba yadda ake raba mata ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ake kira RAM.

Ma'ajin Jira

Ƙunshin da ya iso katin sadarwa ba ya wucewa kai tsaye zuwa faifan ajiya. Sai ya fara sauka a wani yanki na ƙwaƙwalwa da aka tsara kamar zobe, inda yake jiran manhaja ta ɗauke shi. Idan zoben ya cika, akan zubar da sabon da ya iso, kuma ba a sake samun kwafinsa.

Layi mai gudun gigabit 1 yana iya kawo megabait 125 a kowace daƙiƙa. Manhajar tcpdump, wadda aka fara rubutawa a Amurka a 1988, takan sami ma'aji na megabait 2 a kan Linux idan ba a ƙara mata ba. A cikakken gudu, wannan ma'aji zai cika cikin kashi 16 bisa 1,000 na daƙiƙa.

Irin wannan cunkoso ba baƙo ba ne a makarantu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, inda ɗaruruwan ɗalibai ke shiga a lokaci guda. Haka ma makon rajista yake a manyan makarantu irin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A irin wannan lokaci ne aka fi buƙatar shaida, kuma a nan ne ƙaramin ma'aji ya fi zubar da ita.

Iyakar Amfaninsa

Sai dai faɗaɗa ma'aji ba ya maganin faifai mai nawa. A ƙaddara megabait 125 ke shigowa a daƙiƙa, faifai kuwa 100 kawai yake iya rubutawa. Ragowar 25 za ta riƙa taruwa, ta yadda ma'ajin megabait 1,000 zai cika cikin daƙiƙa 40. Saboda haka ma'aji na shanye ambaliyar ɗan lokaci ne kurum. Idan ta ɗore, mafita ita ce faifai mai sauri, ko tace abin da ake kamawa, ko adana kan ƙunshi kawai a bar cikinsa. Bugu da ƙari, duk abin da ke jira a ƙwaƙwalwa yana salwanta da zarar an ɗauke wuta, idan babu batirin tallafi.

Sauran Masu Rabo

Ba ma'ajin jira kaɗai ke cin ƙwaƙwalwa ba. Manhajar gano kutse irin Suricata tana riƙe bayanin kowace hulɗa da ke buɗe, shi ya sa aka tanadar mata iyaka a saitinta. Rumbun bincike irin Elasticsearch kuwa, masu shi sun ba da shawarar kada a ware masa fiye da rabin ƙwaƙwalwar da ke hannunsa. Idan jimlar waɗannan kaso ta zarce abin da na'ura ta mallaka, Linux kan kashe ɗaya daga cikin manhajojin domin ya ceci kansa, mai yiwuwa ma wadda ke kamun ce.

Kammalawa

Wajibi ne mai kula da na'ura ya auna gudun layinsa a lokacin da ya fi cika, ya yanka wa kowace manhaja kasonta tun farko, ya kuma bar rara ga tsarin gudanarwa. Daga nan sai ya riƙa duba adadin ƙunshin da aka zubar, wanda tcpdump ke nunawa a ƙarshen kowane kamu. Muddin adadin ya wuce sifili, shaidar da aka tara tana da giɓi.