Sharar Manyan Makarantu da Gonakin Yankin Dayi

Rarraba shara, wato ware abin da ke ruɓewa daga abin da ba ya ruɓewa tun a wurin da aka zubar da shi, al'amari ne da ya shafi manoman Dayi da Malumfashi da Funtuwa kai tsaye, ko da yake galibi a ajin nazarin muhalli ake jin batunsa, a rubuta shi a jarrabawa, sannan a bar shi a can. Dalili kuwa shi ne, a wannan yanki na kudancin jihar Katsina, inda masara da dawa da auduga da waken suya suke riƙe da tattalin arzikin jama'a, shara ba ta ƙarewa a juji, domin da zarar rani ya yi nisa sai a ga amalanke da motoci suna kwashe tsofaffin jujin gari suna jibgewa a gonaki tsibi-tsibi, a baza su kafin faɗuwar damina. Wannan dabara ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma da ita manoman kewayen Kano suka yi ta nome gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba, tun a zamanin da sharar gida ba ta wuce toka da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da ragowar tuwo ba. Tashin farashin takin zamani, musamman daga shekarar 2023, ya sa manoma da yawa sun ƙara dogaro da takin juji, alhali jujin yau ya sha bamban da wanda iyayensu suka sani.

Manyan makarantu suna cikin wuraren da suka fi tara shara a ɗan ƙanƙanin fili, saboda dubban matasa ne suke ci suke sha a wuri guda, kuma mafi yawan abin da suke saye a ƙunshe yake zuwa. 'Ya'yan wannan yanki suna karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da makarantar share fagen shiga jami'a da take da ita a Funtuwa, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, ban da makarantun kiwon lafiya da sakandaren kwana da ke warwatse a yankin. Kusan dukkansu gonaki ne suka kewaye su, don haka abin da ɗalibi ya jefa a kwandon ɗakin kwana yana iya ƙarewa a kunyar maƙwabcin makarantar, ko ma a gonar mahaifinsa.

Babbar annobar ita ce ledar ruwa, wadda aka fi sani da fiya wata, tare da baƙar ledar da ake ƙunsa awara da ƙosai da shinkafa da wake a cikinta. Lissafin ba shi da wuya: idan aka ƙaddara ɗalibai 1,000 kowannensu yana shan leda huɗu a yini, an sami leda 4,000 ke nan kullum, wato 120,000 a wata guda, kuma a lokacin zafi adadin yana iya wuce haka. Ana yin wannan leda da wani nau'in roba mai suna foliyetilin, wanda ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da kashin dabba a cikin ƙasa ba sa iya cinye shi. Rana tana gasa ledar ne kawai har ta dagargaje ta zama ƙananan ɓarɓashi, ɓarɓashin kuma ya zauna a ƙasa shekaru masu yawa. Idan leda ta yi yawa a gona sai ta tare hanyar da ruwan sama ke bi ya ratsa ƙasa, ta hana saiwar shuka miƙewa, ta nannaɗe a bakin garma, manomi ya yi ta tsayawa yana cirewa da hannu. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, ko wadda ta taso daga Kano ta bi ta Gwarzo ta faɗo Dayi, a ƙarshen rani, zai ga yadda baƙar leda ke kaɗawa a jikin karan dawa da ƙayoyi a gonakin bakin gari.

Dabbobi sun fi shan wahalar abin. Akuya da tunkiya da saniya ba sa tauna abinci sosai a karon farko, haɗiyewa suke yi su dawo da shi daga baya su yi tuƙa, saboda haka ledar da ke ɗauke da maiƙo da gishirin abinci takan wuce musu kamar ciyawa. Idan ta shiga tumbi ba ta narkewa, sai ta haɗu da 'yan uwanta su dunƙule su cike wurin da abinci zai zauna, dabbar ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure yake, ta daina cin abinci, nononta ya ragu, mai ita ya yi ta kashe kuɗi a kan maganin tsutsar ciki ba tare da ya ga sauƙi ba. Mahauta sun san wannan sarai, domin su ne suke ciro dunƙulen leda daga tumbi bayan an yanka. Akuyar da ta mutu ta wannan hanya, sau da yawa, ita ce jarin wata mata a ƙauye, da ita take sa ran yin kayan ɗakin 'yarta ko biyan kuɗin makarantar ɗanta.

Abin takaici shi ne, masu jefa ledar ba jahilai ba ne. Ɗalibin da zai iya bayanin gurɓacewar ƙasa a takarda, shi ne zai tsotse ruwa ya yar da ledar a bakin ɗakin karatu, ko ya ƙulle ragowar shinkafarsa a cikin baƙar leda ya wurga a kwando, ya ɗauka ya yi tsafta. Wannan ƙulli shi ne mafi munin nau'in shara, saboda ya ɓata abu biyu a lokaci guda: abincin da zai zama taki ya maƙale a cikin leda yana ɗoyi, ledar da za a iya sayarwa kuma ta ƙazantu ba mai sayenta. Malamai da ma'aikata ba su kuɓuta daga wannan zargi ba, domin gidajensu da ofisoshinsu ma a kwando ɗaya suke haɗa takarda da kwalba da ɓawon lemo. Ana kuma yawan ganin an sayo kwanduna masu launi-launi an jera saboda zuwan baƙi, amma mai kwashewa ya zo da baro ɗaya ya juye su gaba ɗaya, sai wanda ya sha wahalar rarrabawa ya ga aikinsa ya tashi a banza ya daina.

Ƙona shara, wanda shi ne mafitar da aka fi rugawa gare ta, ba magani ba ne. Wutar juji ba ta kai zafin da zai cinye roba ƙurmus, sai ta yi ta cin ƙasa-ƙasa tana fitar da hayaƙi mai tayar da ciwon asma da tari, kuma idan akwai roba mai sinadarin kulorin a ciki, irin ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki, tana iya fitar da dayoksin, wato wata guba mai taruwa a kitsen jikin mutum da na dabba. Tokar da ta rage kuwa ita ma gona ake kai ta. Akwai kuma kayan da bai kamata su kusanci juji ba ko kaɗan: batirin tocila da na waya, da batirin sola da na babur mai ɗauke da dalma, da fasassun kwalabe, da allurar asibitin makaranta, da ragowar sinadaran ɗakin gwaji. Wanda yake shakkar illar dalma ya tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara.

Kasuwar kayan da aka ware tana nan tun tuni, ba sai an ƙirƙiro ta ba. 'Yan jari-bola da 'yan gwangwan suna sayen ƙarfe da gwangwanin lemo da gorar ruwa da kwali da mataccen bokiti, suna haɗawa su ɗora a mota zuwa Kano, inda masana'antu ke niƙa roba su narkar da ita a sake yin buta da bokiti da silifa. Ita ma ledar ruwa tana da masu saye idan ta bushe, ba ta da ƙasa ko maiƙo, kuma ta taru da yawa, domin awo ake yi da kilo. Yaran da ke tonon juji da hannu ba safa, suna yankewa da kwalba, suna yin aikin da ya kamata a ce an gama shi tun daga ɗakin kwana.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. Tsohon buhun taki ko na masara, idan aka rataye shi a ƙofar kowane ɗakin kwana da kowane shagon sayar da ruwa, ya isa ya zama ma'ajiyar ledar ruwa kaɗai, da sharaɗin a zazzage sauran ruwan kafin a saka, kada kuma a yarda ko ɓawon gyaɗa ya shiga ciki. Ragowar abinci a juye shi a bokiti mai murfi ba tare da ledarsa ba, a kai shi ramin taki a bayan ɗakin girki, a riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa da busasshen ganye da toka da kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa ana juyawa lokaci-lokaci, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai laushi wanda gonar makaranta za ta amfana da shi ko a sayar wa manoma. Masu sayar da abinci a harabar makaranta a sharɗanta musu zuba wa ɗalibi a kwanonsa ko a kularsa, domin kowace ledar da ba a bayar ba an huta da neman inda za a kai ta. Batura da allurai kuwa a keɓe musu akwati a ƙarƙashin kulawar asibitin makaranta. Manomin da zai sayi juji shi ma ya sa a tsince ledar, ko a tace takin da rariyar waya, kafin a ɗora a amalanke.

Ruwanda ta haramta ledar zuba kaya a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Nijeriya kuma tana da hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tun 2007, amma babu jami'in da zai tsaya a ƙofar ɗakin kwana yana duba abin da ɗalibi ya jefa a kwando. Don haka ana kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai, musamman ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Malumfashi da Funtuwa da Ƙafur da Bakori, da su rataya buhunan, su sa masu kwashe shara su riƙa ɗaukar kowane kashi daban, su kuma daidaita da mai sayen roba guda ɗaya da zai riƙa zuwa a ranar da aka tsayar, tun kafin manoma su fara kwasar juji a ranin bana.