Kasuwar Karshi a Idon Baƙo Daga Maraɗi

Wanda ya tashi a Maraɗi ya san kaka ce ke riƙe da kasuwa. In gero ya shigo gida, tela zai samu ɗinki, mahauci ya ƙara yanka. In bazara ta yi nisa, sai ciniki ya ja baya. Da wannan sanin na tsallaka iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, na bi ta Katsina da Zariya da Kaduna, don in ziyarci wani abokina da muka yi makarantar allo tare, wanda ya daɗe yana sayar da albasa da busasshen kayan miya a Karshi. A rumfarsa na ga kasuwa mai kaka biyu: akwai ta manomi, akwai kuma ta ma'aikaci, wadda ke zuwa duk ƙarshen wata.

Karshi tana kudu maso gabas da tsakiyar Abuja, dab da iyakar jihar Nasarawa. Mai zuwa daga cikin birni sai ya ratsa Nyanya da Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo kafin duwatsun garin su bayyana. Garin ya girmi Abuja nesa ba kusa ba. Na Gwandara ne, mutanen da tarihinsu na baka ke cewa daga Kano kakanninsu suka fito, kuma harshensu shi ne mafi kusa da Hausa a duk harsuna. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta tare a 1991, kuɗin haya ya gagari ƙaramin ma'aikaci a Garki da Wuse. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo jama'a bayan gari. Masinja da direba da malamar firamare da mai gadin ma'aikata, su ne yau ke cin kasuwar nan tare da 'yan ƙasa.

Da sassafe kasuwar ta manoma ce. Matan Gbagyi na shigowa daga ƙauyuka da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, kamar yadda al'adarsu take: itace, gawayi, dawa, ganyen miya. Doya kuwa, ga ɗan Maraɗi, abin tsayawa kallo ce. A wajenmu kayan marmari ce da ake kawowa daga nesa. A nan jibge take a ƙasa da jar ƙasarta a jiki, manyan 'yan kasuwa na ciniki da ƙwarya, wato guda 100, masu sayen na gida kuma na ɗaukar kashi. Na ga wata dattijuwa ta ɗaga doya, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kankare bawon da farce don ta ga farin cikinta, sannan ta taya. Ita ba Bahaushiya ba, mai doyar ma haka, amma da Hausa suka yi cinikin har aka kai ga sallamawa.

Abokina yana kasa albasarsa kashi-kashi a kan buhu, manya a sama, ƙanana a gindi, busasshen tattasai da kuɓewa da kuka kuma a ƙulle cikin leda, daidai miyar kwana ɗaya. Na tambaye shi ina tiyar awo. Ya ce, "Malam, nan mudu ake yi, shi ma sai an yi albashi. Daga 15 ga wata, sai ƙulli." A ƙarƙashin teburinsa akwai littafin makaranta da ya sha hannu, kowane shafi da sunan mai shi, wasu ma ba suna sai alama: matar ɗan sanda, maman tagwaye, mai jan mayafi. Bashi ne. Ana ɗauka har wata ya mutu, ranar da kuɗi ya shiga asusu a zo a biya, galibi ta waya ko ta wurin mai POS, abin da ya kama ƙasa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. In albashi ya makara mako guda, shi ma dillalin da ya ba shi albasa sai ya yi haƙuri. Ni dai ban raina wannan littafi ba. Gidaje da yawa shi ke ɗora musu tukunya, kuma mutumin da ke riƙe da shi baƙo ne a ƙasar.

Abin da ke cinye ribar kowa hanya ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, ma'aikacin da ke fita kafin asuba don gudun cunkoson Nyanya kuma ya rage abin da yake bari na cefane. Tun 2011 aka ba da kwangilar hanyar da za ta haɗa Karshi da Apo kai tsaye, aka shafe sama da shekara 10 ba a gama ba. Wannan ya ba ni takaici, domin manomin da doyarsa za ta isa birni cikin ɗan lokaci shi aka bari yana zagaye.

Nauyin abokina ya fi na maƙwabtansa da abu ɗaya: da naira yake samu, da sefa iyalinsa ke ci. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta, ga naira ta faɗi, abin da yake aikawa gida ya ragu tun kafin ya bar hannun ɗan canji. Na ce masa, "To, ba ka komawa gida?" Ya nuna littafin, ya ce kuɗinsa na hannun mutane, na dillali kuma na hannunsa, sai dai in an yi albashin watan azumi ya leƙa Maraɗi ya yi salla ya dawo.