Gilashin Kyamara Ya Yi Araha, Amma Ina Rabon Mai Hoto Na Bungudu?

Kwanan baya aiki ya kai ni Bungudu duba makarantun firamare. Na gama da wata makaranta ke nan, ina shirin komawa Gusau, sai wani malami ya biyo ni har bakin mota. Ɗalibina ne a kwalejin horon malamai 'yan shekarun da suka wuce. Muka gaisa, sa'an nan ya buɗe jaka ya fito da kyamara da wani ɗan gilashi baƙi, irin wanda akan ɗaura a bakinta, wanda masu sana'ar hoto ke kira lensi. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan. An ce araha ta zo, na saya, ga shi ya ƙi aiki."

Ashe malamin nan, in an tashi makaranta, hoto yake ɗauka. Bikin aure, da suna, da saukar Alƙur'ani, da hawan Salla, duk ana kiransa, daga cikin Bungudu har Nahuce da Kwatarkwashi. Abin da yake samu shi ke toshe inda albashi ya gaza. Kuɗin da ya sayi gilashin kuwa kwasar adashe ce ta wata shida. Ka ga ashe maganar ba ta wasa ba ce.

Da yake ni ke riƙe da kyamarar kwalejinmu, na san kan abin kaɗan. Na karɓa na jujjuya. Gilashin lafiyarsa lau, ba tsaga, ba ƙarce. Kyamarar ma haka. Dukansu na kamfanin Nikon ne, sun kuma shiga juna daidai. To, ina matsalar take? Kyamararsa D3200 ce, gilashin kuwa 50mm f/1.8 ne mai harafin D a ƙarshen sunansa. Wannan gilashin ba shi da injin da zai saita hoto da kansa, yana jiran injin da ke cikin kyamara ne ya murza shi. Kyamarorin Nikon ƙanana, watau jerin D3000 da na D5000, ba a sa musu wannan injin ba. Sai aka wayi gari kowa na jiran ɗan'uwansa, hoto kuwa ya fito dishi-dishi. Da irin su D90 ko D7000 yake da ita, da ba abin da zai hana gilashin aiki. Wanda ya sayar masa bai faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba.

Lalle arahar gaskiya ce, ba jita-jita ba. Amma ya kamata mai karatu ya san daga inda ta fito, don wanda ya san dalilin faɗuwar farashi shi ke sanin abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Asalin maganar wayar hannu ce. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta ƙasar Japan, wadda ake kira CIPA, takan ƙidaya kyamarorin da kamfanoninta suka fitar kowace shekara. A 2010 sun fitar da kamar miliyan 121. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Kowa ya sa kyamara a aljihu tare da wayarsa, kasuwa ta tsuke. Da kamfanonin suka ga haka, sai suka sake salo.

A nan sai an ɗan yi bayani. Kyamarar da yawancin masu hotonmu ke riƙe da ita tana da ɗan madubi a ciki, wanda ke tura hoto sama zuwa inda mai ɗauka ke sa ido. In an danna, madubin ya ɗaga, haske ya wuce, shi ne wannan ƙarar da ake ji. Sabon salon kuwa an cire madubin ɗungum, kyamara ta rage kauri da nauyi. Kamfanin Sony ya fito da babbar kyamararsa marar madubi, A7, a 2013. Canon da Nikon suka bi sawu a 2018, kowannensu da sabon baki: Canon ya kira nasa RF, Nikon ya kira nasa Z. Tsohon bakin Nikon, mai suna F, tun 1959 ake amfani da shi, na Canon mai suna EF kuwa tun 1987. Ka dubi yawan gilasan da aka ƙera wa waɗannan bakuna biyu cikin shekarun nan duka. A ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa EOS-1D X Mark III ita ce ta ƙarshe cikin manyan kyamarorinsu masu madubi. Masu hoto na Turai da Amurka da Japan suka shiga sayar da tsofaffin kayansu don su koma sabon yayi. Gwanjo ya cika, farashi ya sauka. Daga cikin wannan gwanjon ne ake sauke mana kaya a Legas, su hauro Kano, har wani ya faɗo hannun malamin Bungudu.

Har wa yau ga mutanen Sin. Wajen 2014 wani kamfani na birnin Shenzhen mai suna Yongnuo ya fito da gilashi 50mm f/1.8 mai shiga bakin Canon, ya sa masa wajen rabin kuɗin na Canon ɗin. Bayansa wasu suka biyo, irin su Viltrox da TTArtisan, aikinsu kuma yana ta ƙara kyau. Dama can akwai Sigma da Tamron na Japan, masu ƙera wa kyamarorin wasu gilashi a kan kuɗi mai sauƙi. Amma kada a ruɗe. Sababbin gilasan da Canon da Nikon da Sony ke yi wa kyamarorinsu marasa madubi ba su shiga wannan araha ba, yawancinsu ma sun fi na da tsada. Abin da ya faɗi shi ne tsohon kaya mai kyau, da sabon kaya na baƙin kamfanoni.

To, yanzu sai mu dawo gida, mu yi lissafi irin na aji huɗu. Duk wannan araha da Dala ake auna ta, mu kuwa da Naira muke saye. Kafin watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana kan kamar Naira 460 a farashin gwamnati. A watan nan Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, nan da nan Dala ta wuce 700, cikin 2024 kuma ta haura 1,500. Ɗauki gilashin Canon 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015 a kan kamar Dala 125. In aka lissafa a kan 460, kuɗinsa Naira 57,500 ke nan. A ce yanzu an sami na hannu a kan Dala 80, watau ya zubar da fiye da sulusin kuɗinsa. In aka lissafa a kan 1,500, ya zama Naira 120,000, ban da kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Bature ya ga kaya ya faɗi, mutumin Bungudu ya ga ya ninka. Dukansu kuwa gaskiya suka gani. Abin da arahar ta yi mana shi ne ta rage zafin dukan da Naira ta sha, da ba don ita ba da gilashi ya fi ƙarfin malamin makaranta gaba ɗaya.

Duk da haka ni ina ganin lokacin saye ne ga mai sana'a, muddin ya san abin da yake nema. Dalilina kuwa haske. Gilashin da kan zo tare da kyamara, mai lamba 18-55mm, in ka jawo hoto kusa ƙofar haskensa takan tsuke zuwa f/5.6. Ita wannan lamba a juye take, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon faɗin ƙofar. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton walima bayan Magariba, an ɗauke wuta, janareta na haskaka ƙwai biyu rak, ya san darajar wannan. Ga shi kuma yana fito da fuskar mutum tas, ya dushe abin da ke bayansa, wanda shi ne abin da amare ke so, shi ne kuma abin da ke bambanta hoton mai sana'a da na yaro mai waya.

Sai dai akwai wata ƙaramar magana da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Farantin da ke karɓar hoto a ƙananan kyamarori, irin na malamin nan, bai kai na manya girma ba. Saboda haka 50mm a kansu yakan zama kamar 75mm in Nikon ce, ko 80mm in Canon ce. A fili, ko don hoton mutum ɗaya, madalla. Amma shiga da shi ɗakin amarya, inda gado da kabad da jeren kwanuka suka cinye wuri, ƙawaye goma sun jeru, za ka yi ta ja da baya har ka dafa bango ba su shiga ba. Ga irin wannan aiki 35mm ya fi. Nikon na da shi tun 2009, mai harafin G, yana da injinsa a ciki, yana kuma aiki da ƙananan kyamarorin nan sarai.

Wani zai ce, ai sayen tsohon gilashi zuba kuɗi ne a rijiya, tun da masu yinsa sun juya masa baya. Ba haka ba ne. Kamfanonin biyu duk sun yi wani zobe da ake sawa tsakanin tsohon gilashi da sabuwar kyamara. Na Canon yana karɓar gilasan EF su yi aiki yadda suka saba. Na Nikon, mai suna FTZ, yana saita hoto da gilasan da ke da injinsu, amma mai harafin D ɗin nan ko a can sai an murza shi da hannu. Ashe gilashin kirki yakan ga bayan kyamara biyu ko uku. Wanda abin ya taɓa shi ne mai hoton da ya tara kaya da tsada shekarun baya yana ganin ajiya ce, in buƙata ta taso ya sayar. Wannan kam darajar ajiyarsa ta ragu a kasuwar duniya, faɗuwar wani tashin wani.

Babban haɗarin yana wajen yadda muke saye. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu, mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa don sayen abu ɗaya a Kano. Sai a turo masa hoton kaya ta WhatsApp, ya tura kuɗi, a ba direba a tasha. Cinikin biri a sama ke nan, haka kuwa malamin nan ya yi. Gwanjo ba shi da takardar lamuni, mai gyaran gilashi kuma da wuya ka same shi in ba a manyan birane ba. In ba makawa sai an aika, a faɗa wa mai sayarwa sunan kyamara da lambarta tukuna, a kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida. In kuwa ana iya zuwa, a tafi da kyamarar a hannu. A ɗaura gilashin, a ɗauki abu na kusa da na nesa, a saurari motsinsa. Sa'an nan a cire shi, a haska tocila ta bayansa, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba kome, ba ta fitowa a hoto. Amma in aka ga wani zane-zane kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce ta kama shi daga ciki, a ajiye shi ko nawa aka rage. Haka nan in aka ga hazo, ko maiƙo a jikin 'yan fukafukan da ke buɗe ƙofar haske.

Bayan saye kuma sai riƙo. Ƙasarmu tana da hunturu tana da damina, kowanne da irin ɓarnarsa. Na sha ganin mai hoto ya cire gilashi a tsakiyar filin Idi ƙura na tashi, ko ya goge shi da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce, ƙarce gilashi take yi. Da damina kuwa a ajiye shi cikin mazubi mai murfi, tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da kan zo cikin kwalin takalmi ko na magani.

Shi dai malamin nan, kafin mu rabu na nuna masa yadda zai ci moriyar abin da ya riga ya saya. Na murza zoben lambobi na kai shi kan 22 na kulle, don kyamarar ta yarda da shi. Na ce ya sa ido, ya riƙa murza gaban gilashin a hankali har ya ga wani ɗan ɗigo kore ya tsaya a ƙasa, alamar hoto ya saitu. Ya gwada a kan mai gadin makaranta, wanda ke zaune a gindin dalbejiya. Hoton ya fito har ana ƙirga furfurar gemunsa. Ya ce zai riƙe shi don hoton fasfo da na dattawa, waɗanda ba su motsi, in kwasarsa ta sake zagayowa ya nemi 35mm saboda bukukuwan bayan girbi.