Gardama Kan Gadon "Yaƙin Taurari" Bayan Mai Labari Ya Sayar

Ran 30 ga watan Oktoba na shekara ta 2012 aka ƙulla wani ciniki a ƙasar Amurka wanda har yanzu ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba tsakanin masu sha'awar sinima. A wannan rana ce aka ba da sanarwa cewa George Lucas ya sayar wa kamfanin Disney da kamfaninsa Lucasfilm, a kan dalar Amurka miliyar 4 da miliyon 50. Mafi tsada cikin kayan da aka saya shi ne labarin nan da ake kira Star Wars, wanda ƙasashe masu aiki da Faransanci suka sani da sunan La Guerre des étoiles, watau Yaƙin Taurari.

Ga mai karatu wanda bai san labarin ba, tatsuniya ce ta zamanin kimiyya, wadda aka ce ta auku can cikin wasu duniyoyi masu nisa inda mutane ke tafiya daga wannan tauraro zuwa wancan cikin kumbo. Fim na farko ya fito ran 25 ga watan Mayu 1977, na biyu a 1980, na uku a 1983. Mutum uku ne ginshiƙan labarin: Luke Skywalker, maraya ɗan ƙauye wanda ya tashi cikin hamada (a kudancin Tunisiya aka ɗauki hotunan hamadar), da gimbiya Leia shugabar ƴan tawaye, da Han Solo, ɗan fasa-ƙwauri mai kaifin baki wanda kuɗi suka kawo shi yaƙin, amana kuma ta tsai da shi. Su ukun ne suka haɗa kai suka rushe wata daula ta zalunci. Ƴan wasan da suka fito a matsayinsu kuwa su ne Mark Hamill da Carrie Fisher da Harrison Ford. Daga 1999 zuwa 2005 Lucas ya ƙara finafinai uku masu ba da labarin abin da ya gabata, saboda haka waɗanda Disney ya yi alkawarin shiryawa suka zama kashi na 7 da na 8 da na 9.

An cika alkawari. Kashi na 7 ya fito a watan Disamba 2015 ya tara fiye da dalar Amurka miliyar 2, na 8 ya biyo a 2017 da kimanin miliyar 1 da miliyon 330, na 9 a 2019 da kimanin miliyar 1 da miliyon 70. Ba mai kiran wannan hasara, amma fa kowane kashi ya kasa wanda ya gabace shi, masu kallo kuma suka rabu gida biyu suna musu a kan abu biyu: ko an yi wa labarin shiri tun daga farko, da kuma yadda aka yi da tsofaffin jaruman nan uku.

ZARGIN RASHIN SHIRI

Lucas bai miƙa kamfaninsa hannu wofi ba, ya haɗa da taƙaitaccen tsari na yadda yake ganin labarin zai ci gaba. Disney ya karɓa ya ajiye shi gefe. Bob Iger, wanda ke shugabancin Disney a lokacin, ya amsa cikin littafinsa na 2019 cewa Lucas ya ji kamar an ci amanarsa da ya gane ba za a bi tsarin nasa ba.

Aka ɗauko marubuci Michael Arndt ya rubuta kashi na 7. Da aikin ya ja lokaci, kamfani kuwa ya riga ya tsai da shekarar fitarwa, sai a watan Oktoba 2013 aka miƙa alƙalami ga J. J. Abrams, mai ba da umurni a fim ɗin, tare da Lawrence Kasdan. Kashi na 8 aka ba Rian Johnson, wanda ya soma rubutu tun na 7 bai kammala ba, ya kuma sha faɗa cewa ba wanda ya gindaya masa inda tilas labarin ya nufa. Kashi na 9 aka ba Colin Trevorrow, aka rabu da shi a watan Satumba 2017, aka sake kiran Abrams ya zo ya rufe.

Sakamakon haka ya fito fili a jikin sabuwar jarumar, wata yarinya mai suna Rey, mai tsince-tsincen ƙarafa cikin hamada, wadda Daisy Ridley ta fito a matsayinta. Kashi na 7 ya bar jama'a shekara biyu suna tambaya: ƴar wa ce? Kashi na 8 ya ce ba ƴar kowa ba ce, iyayenta matsiyata ne da suka sayar da ita don kuɗin giya. Kashi na 9 ya juyo ya ce a'a, jikar Palpatine ce, watau azzalumin sarkin daula wanda duniya ta gani da idonta an jefa shi cikin rami tun 1983. Shi ma wani mugu mai suna Snoke, wanda kashi na 7 ya girmama kamar shi ne uban tafiya, kashi na 8 ya datse shi biyu ba tare da an faɗi asalinsa ba. A 2020 Ridley da bakinta ta ce asalin Rey ya yi ta sauyawa, har ana cikin ɗaukar kashi na 9 ba a gama tsai da magana ba. Trevorrow ya ce dawo da Palpatine dabarar Abrams ce. Abrams kansa, a wata hira ta 2021, ya amsa cewa aiki ya koya masa babu abin da ya kai sanin inda aka nufa muhimmanci. Masu zargi suka ce to, magana ta ƙare.

Sai dai ba ta ƙare ba, domin ɗaya ɓangaren yana da hujja mai nauyi. Finafinan farko ma da ake yabo ba a kan cikakken shiri aka gina su ba. A rubutun farko na fim ɗin 1980, wanda Leigh Brackett ta gama jim kaɗan kafin rasuwarta a watan Maris 1978, uban Luke mutum ne dabam, ya mutu, kurwarsa ce ke bayyana wa ɗansa. Daga baya ne Lucas ya mai da Darth Vader, babban maƙiyi mai baƙin kwalkwali, shi ne uban, wannan kuwa ita ce aya mafi shahara a labarin gaba ɗaya. A cikin fim ɗin 1980 Leia ta sumbaci Luke, a na 1983 aka ce ai tagwaye ne. Wanda ya san haka tun farko da wuya ya rubuta waccan sumba.

Abin da ya raba zamanin biyu, in an duba da idon basira, shi ne yawan masu iko da labari. Lucas ya sauya ra'ayi sau da yawa, ya kuma ba Irvin Kershner da Richard Marquand umurnin fim na biyu da na uku, amma kan mutum ɗaya labarin ke komawa, shekara uku cur kuma ke tsakanin kowane fim. In ya gyara, gyaran kan ƙara wa abin da ya wuce ma'ana. A hannun Disney tazarar shekara biyu ce, kowane magini kuma ya zo da nasa awo, na baya yana rushe katangar na gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗakin nan kuwa an bar shi ba takamaiman mai shi.

TSOFAFFIN JARUMAI

A nan ne gardamar ta fi zafi, don ta taɓa zuciya. Yaran da suka kalli fim ɗin 1977 sun zama iyaye, wasu kakanni, sun jira shekara 32 su sake ganin mutanensu. Marubuta kuwa suna da tasu matsala, wadda Arndt ya bayyana a 2015: duk lokacin da ya shigo da Luke cikin rubutu sai ya cinye labarin, a manta da sabuwar jaruma. Maganin da aka samo shi ne a ɓoye shi. Kashi na 7 ya ƙare kan nemansa, bai bayyana ba sai a mintin ƙarshe, tsaye bisa wani tsibiri, bai ce uffan ba. A cikin fim ɗin dai ɗan Han Solo na cikinsa, wanda ya bi hanyar duhu ya ɗauki sunan Kylo Ren, ya soke ubansa. Wannan mutuwa ba ta ta da ƙura sosai ba, tun da an san Harrison Ford ya nemi a kashe Han tun a fim ɗin 1983.

Kashi na 8 ne ya fasa tulun. Rey ta miƙa wa Luke takobinsa na haske, sai ya jefar da shi bayansa ya tafi abinsa. Aka nuna shi dattijo mai ɗacin rai wanda ya guje wa duniya, har aka bayyana cewa wani dare ya taɓa zare takobi a kan ɗan ƴar'uwarsa yana barci, don ya hango sharrin da ke cikinsa. Masu fushi suka ce mutumin da ya ƙi fid da rai ga ubansa, alhali uban ya gama ɓarna, ba zai yi wa yaro haka ba ko na ƙiftawar ido. Mark Hamill ya gaya wa Johnson tun farko bai yarda da wannan hali da aka ba Luke ba, ya kuma faɗa a bainar jama'a, ko da yake a watan Disamba 2017 ya ce ya yi nadamar fitar da maganar waje. Masu kare fim ɗin suka ce tsufa ba ya barin kowa yadda ya same shi, kuma ba Johnson ne ya kai Luke tsibiri ba, can ya tarar da shi, tilas ya nemo dalilin da zai sa jarumi ya zauna nesa ana kashe abokinsa. Wannan hujja tana da ƙarfi, ita ma kuwa komawa take ga batun shiri: wani ya ƙulla, aka bar wani da kwancewa.

Sababbin ƴan wasa su ma sun sha nasu rabo. John Boyega, ɗan Ingila wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya yi ƙorafi a 2020 cewa an tallata shi a matsayin babban jarumi sannan aka ture shi gefe. Kelly Marie Tran ta sha zagi da cin mutunci daga wasu marasa kunya har ta janye daga shafinta na Instagram a 2018, a kashi na 9 kuwa fitowarta ba ta kai minti 2 ba.

Akwai kuma abin da ba shirin da zai tare shi. Kathleen Kennedy, wadda ta shugabanci Lucasfilm lokacin da aka yi finafinan uku, ta ce niyyarsu ita ce kashi na 9 ya zama na Leia, kamar yadda na 7 ya zama na Han, na 8 na Luke. Ran 27 ga watan Disamba 2016 Carrie Fisher ta rasu tana da shekara 60, bayan ta gama aikinta a kashi na 8. A watan Janairu 2017 kamfanin ya ce ba shi da niyyar ƙera kamanninta da kwamfuta don ta ci gaba da wasa. Sai aka tono guntayen hotuna da aka ɗauka lokacin kashi na 7 ba a yi amfani da su ba, aka rubuta zance kewaye da ƴan kalmomin da ta bari, sauran ƴan wasa suna amsa wa wadda ba ta nan.

A shekara ta 2014, da aka soma ɗaukar kashi na 7, Hamill da Fisher da Ford duk suna raye, suna da lafiya, duk sun sa hannu a takarda, har an ɗauke su hoto zaune cikin ɗaki ɗaya ana karatun labarin. A cikin finafinan kuwa Han ya gana da Leia a kashi na 7, Luke ya yi sallama da Leia a kashi na 8, Han da Luke ba su haɗu ba ko sau ɗaya. Cikin sa'o'i fiye da bakwai da kashi ukun suka ɗauka, babu daƙiƙa guda da aka ga su uku tare.