Na'urar Awon Tsami: Kada Ku Bar Bakinta Ya Bushe

Jama'ar Afala da kewaye, musamman mata masu nono da cuku, da samari masu kai madara Tawa bisa babur, wannan magana taku ce. Ta shafi wata ƴar na'ura mai kama da babban alƙalami, wadda ake kira pehash-metir da Faransanci. Mu sai mu ce da ita ma'aunin tsami.

Awon yana kamawa daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Duk abin da ya sauka ƙasa da 7 yana da tsami, wanda ya haura kuma ya yi ɓangaren kanwa da toka. Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Sorensen ne ya tsara wannan lissafi a 1909. Ku lura, tazarar lamba ɗaya ba ƙarama ba ce: abin da ya nuna 5 ya ninka mai nuna 6 tsami sau 10.

Madarar da aka tatso yanzu daga lafiyayyar saniya tana nuna 6.6 zuwa 6.8. In ta sauka ƙasa da 6.4, tsami ya fara kama ta, tun harshe bai ji ba. Kada ku juye irin wannan cikin ta sauran mutane, don ƙwarya ɗaya tana ɓata bido guda kafin a isa Tawa. In kuwa ta kai 7 ko ta haura, ku duba hantsar saniyar, wataƙila tana ciwo. Nono yana kamawa a wajen 4.6. Tsakanin 4.5 da 4.2 yake da daɗin sha. In ya gangara ƙasa da 4, sai mai saye ya yamutsa fuska.

To amma duk waɗannan lambobi banza ne in na'urar ba ta da lafiya. Kuma ba ta faɗa muku ta lalace. Lamba za ta ba ku, ku ƙi karɓar madarar wata baiwar Allah alhali lafiyarta lau.

Ku buɗe marfin, ku dubi bakinta. Akwai ɗan ƙwallon gilashi siriri. Shi ke yin awon, kuma ba ya aiki sai da danshi. A nan ƙasarmu, da iskar hunturu da zafin watan huɗu da na biyar, ɗan ruwan da ke cikin marfi yana ƙafewa da sauri. Saboda haka kowane mako ku duba, ku ɗiga ruwan ajiya wanda ake sayarwa tare da ita. In babu, ku sa ruwan gwaji mai lamba 4. Kada ku ajiye ta cikin tataccen ruwa, yana tsotse gishirin da ke cikin bakin. In kun tarar ta bushe, ku jiƙa ta kwana ɗaya cikin ruwan ajiya, sau da yawa tana farfaɗowa. A ganina, ajiya ta fi aiki kashe waɗannan na'urori. Wadda aka kulle cikin akwatin shugaban ƙungiya wata shida don tsoron ɓarna, ita ce ke fara mutuwa.

Sai daidaitawa. Ana yin ta da ruwan gwaji iri biyu, mai lamba 7 da mai lamba 4. Masu araha kan zo da gari cikin ƴar leda, 6.86 da 4.01, a narka kowane cikin rubu'in lita na tataccen ruwa. Ku nemi ruwan a farmasi. Kada yaro ya sayo muku ruwan batir mai ƙuna, wannan guba ne. Ku fara da 7, ku ɗauraye, sannan 4. Ku tsiyayi kaɗan a ƙaramin kofi, wanda kuka yi aiki da shi ku zubar, kada ya koma cikin kwalba. Mai awo kullum ya daidaita aƙalla sau ɗaya a mako.

Madara tana da maiƙo, kuma maiƙo yana toshe bakin. Da kun gama awo ku ɗauraye nan take. Lokaci-lokaci ku wanke da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa. Ba a goge gilashin da zane ko yatsa, sai dai a yarfe ruwan a hankali. Kada ku tsoma ta cikin madara mai zafi: ku ɗiba a kofi, ta huce tukuna. Ku ajiye ta a inuwa, kusa da randa. Ko da kulawa, bakin yakan gaji bayan shekara 1 ko 2. In lamba ta riƙa yawo ba ta tsayawa, ko ta ƙi daidaita, ku fara canza pil. In bai yi ba, lokacin sabon baki ya yi.

Wani abu da na'urar ba ta gani: ƙwayoyin cuta, irin na tarin fuka da ake ɗauka daga saniya. Lamba mai kyau ba ta hana tafasa madara kafin a sa mata tsohon nono. Wanda tasa ta rikice, ya kawo ta wurin malamin gona ko na dabbobi tare da ruwan gwajinta, a duba tare.