Malamin gobe tsakanin gulbi da sararin sama

Sanin abu don cin jarrabawa daban, saninsa don koyar da shi daban. Mai jarrabawa hadda ta ishe shi. Mai koyarwa kuwa, wata rana yaro ɗan shekara 12 zai ɗaga hannu ya ce, "Mushe, in ƙasa juyawa take yi, don me ruwan rijiyarmu bai zube ba?" A nan ake bambance wanda ya gane da wanda ya kwafe allo kawai. Irin wannan tambaya ce ke jiran ɗaliban makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo a Maraɗi, haka ma masu karatun kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, domin da yawansu aji za su nufa, su koyar da darasin da ake kira SVT, wato ilimin rayuwa da na ƙasa.

Kukan da aka saba ji shi ne babu ɗakin gwaji, babu madubin hangen taurari. Gaskiya ne. Amma a ganina, rabin abin da ɗalibin malanta yake bukata yana nan ƙarƙashin takalminsa.

A ɗauki Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso Madarumfa da Jiratawa, ya bi ta gindin Maraɗi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Da rani yashi ne zalla, da damina sai ya cika ya tumbatsa. Wanda ya sauka cikinsa bayan ruwa ya janye, ya tsaya gaban gaɓar da ruwa ya yanka, zai ga ƙasar a jere hawa-hawa: tsakuwa da yashi mai kaushi inda ruwa ya zo da ƙarfi, laka mai laushi inda ya kwanta ya huce. Zaizaya da jibgewar ƙasa, waɗanda littafi ke ɓata shafuka yana bayani da Faransanci, ga su nan ana taɓawa da hannu. Tarihin garin kansa ma darasi ne. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tashi aka koma kan tudu. Kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a can sama, ruwan ba ya zuwa yadda dattawa suka san shi.

Ƙarƙashin ƙasa kuma wani labari ne, mai nauyi. Can kudu wajen Ɗan Isa, tsohon dutse mai tauri yana kusa da sama, shi ya sa haƙa rijiya ke da wuya. Da an yi arewa sai dutsen ya nutse, jibgin yashin da ya daskare ya hau kansa, kuma a cikin wannan yashi ruwa yake kwance. Da ruwan ƙarƙashin ƙasa gonakin noman rani na Jiratawa suke rayuwa. Sai dai ruwa yakan ɗauki halin dutsen da ya daɗe a cikinsa. A Tibiri, daga tsakiyar shekarun 1980, mutane sun yi ta shan ruwan wata rijiya mai zurfi da sinadarin fulorayid ya yi wa yawa, ya zarce miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade nesa ba kusa ba. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba launi. Malamin da ya iya bayyana wa aji yadda hakan ke faruwa, ya tarbiyyantar da mutanen da gobe za su ce a auna ruwa kafin a buɗe famfo.

Sai sama. Yawancin ɗalibai, har da manya, sun ɗauka zafin bazara yana zuwa ne don duniya ta matso kusa da rana. Ba haka ba ne. A farkon Janairu, lokacin da muke ƙudundune cikin bargo, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a Yuli kuma ta kai miliyan 152. Karkatar duniya ce ke kawo sauyin. Sanda ɗaya ta isa hujja. A kafa ta a tsaye a filin lakwal, a riƙa auna inuwarta wajen ƙarfe 12 da rabi. A Disamba inuwar doguwa ce, ta nufi arewa. Tana ta gajarcewa har wajen ƙarshen Afrilu ta shige gindin sandar, don rana ta tsaya tsakar ka. Daga nan ta leƙa kudu, ta sake ɓacewa a tsakiyar Agusta. Malaman zaure da ke auna inuwa don gane zawali sun san wannan tun kafin a kawo boko, kuma ɗalibin malanta ba zai yi asara ba in ya je ya durƙusa gabansu ya tambaya.

Ranar 29 ga Maris 2006, da hantsi, duhu ya rufe Maraɗi na 'yan mintuna. Wata ne ya shiga tsakaninmu da rana. Ya fi ta ƙanƙanta kusan sau 400, amma ya fi ta kusa da mu kusan sau 400, shi ya sa ya rufe ta daidai wa daida. Da lemo da tocila ana nuna wannan a aji cikin minti biyar, kuma bai hana kowa sallar husufi ba. Abin da ya wajaba malami ya nanata shi ne kada yaro ya kalli rana da ido tsirara.

Wanda ke ganin irin wannan ilimi na Turawa ne, sai ya tuna Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Haifaffen Tasawa ne, a 1929, kuma a kan hasken rana ya ƙare bincikensa.

Har duwatsun wata duniya sun sauka a maƙwabta. A Oktoban 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito. Wani mai kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a birnin New York a Yulin 2025 kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Gane duwatsun da ke faɗowa daga sama yana farawa da alamu masu sauƙi da ya kamata malami ya koya wa yaran da ke bin awaki cikin daji: baƙar fata a jiki kamar an ƙona, nauyin da ya fi girman dutsen, kuma galibinsu maganaɗisu yana kama su.